Ranar da Na Ba da Auren Ƙanwata

Ko zan manta komai a duniya, ban da Juma'ar da na ba da auren ƙanwata a Tsanyawa.

Ni wada ne. Likita ya ce abin a ƙashi yake, gado ne, ba aikin iska ba kamar yadda kakarmu ta dage. Ga gemuna, ga gonar gyaɗata, amma tsawona bai wuce ƙugun mutum ba.

Da Baba ya rasu, walicci ya faɗo kaina, don ni ne babban wanta. Ana saura kwanaki, Baffanmu ya ja ni gefe ya ce, "Ka bar mini wakilci, kada dangin ango su mai da mu abin dariya." Wallahi har na yarda. Ashe ƙanwata ta ji. Ta leƙo daga ɗakin Inna ta ce, "Da gyaɗar wa na yi makaranta? In ba Yaya ne zai ba da ni ba, a fasa." Mun san halinta, in ta kafe ta kafe.

Ranar Juma'ar, ana idar da salla na kutsa gaba. Wani dattijo cikin dangin ango ya dafa kaina ta baya, ya ce, "Kai yaro, matsa can, sai an ɗaura za a raba alawa." Na juyo, ya yi arba da gemu, ya hau salati.

Liman bai san ni ba, tunda daga ƙauye muka zo. Ya ce waliyyin amarya ya miƙe a gan shi. Na miƙe. Ya duba dama, ya duba hagu.

"Ina waliyyin?"

"Allah gafarta Malam, ai a tsaye nake."

Masallaci ya kwashe da dariya, Baffa ya sunkuyar da kai. Na so ƙasa ta tsage in shige, sai kuma na ji ni ma ina ƙyaƙyatawa. Liman ya taso da kansa, ya zauna a gabana har idonmu ya yi daidai, ya miƙo mini makirufo.

"Malam, ka ba da ita?"

"Na bayar."

Muryata ta fita ta lasifika har bakin titi. Daɗi ya cika ni, hawaye ya zubo. Baffa ne ya fara rungume ni.

Ranar na koyi cewa dariyar mutane kan wuce kafin a shafa Fatiha, amma haƙƙin da ka saki don kunya ba mai dawo maka da shi.