Likkafanin da Baba Gide Bai Ɗinka Ba

Shekara talatin Baba Gide yana taka keken ɗinki a rumfarsa ta kasuwar Yankara. Rigar suna, kayan sallah, labulen amarya, duk sun bi ta hannunsa. Idan aka yi rasuwa kuwa, shi ake nema ya yanka likkafani. Sau ɗaya tak ya ƙi: ranar da ƙanensa Shamsu ya rasu, wata biyu bayan an zarge shi da satar shanu. Gide ya ce sunan gidansu ya fi ƙarfin wannan gawar, ya rufe rumfa ya tafi Sabuwa. Daga baya aka gane ba Shamsu ne ya saci shanun ba.

Shi ya sa gaban Gide ya faɗi ranar da Adnan, ɗan Shamsu, wanda yanzu malamin sakandare ne a Faskari, ya durƙusa a bakin rumfar da farin yadi. Ya ce ɗalibansa za su yi wani tsohon wasan kwaikwayo, labarin wani dattijo da ya hana a binne ɗan'uwansa don kare mutuncin gida, kuma suna buƙatar likkafani na wasa.

Gide ya ƙura masa ido. Teloli nawa ne a Faskari, amma sai wurinsa ya zo? Ya tambayi wanda ya zaɓi wasan. Adnan ya ce yana cikin manhaja. Ya tambayi tsawon yaron da za a naɗe. Adnan ya faɗi tsawon da babu ɗan sakandaren da ya kai. Shamsu dogo ne, sai ya sunkuya yake shiga zaure.

Adnan ya ce yara sun rabu biyu: wasu na cewa dattijon wasan ba ya son ɗan'uwansa, wasu na cewa mutunci ne ya ɗaure shi.

"Baba, kai mi ka gani?"

Gide ya nemi fushi a fuskar Adnan, bai samu ba, wannan ya ƙara tsorata shi. Ya daɗe yana shafa yadin.

"Yana son shi," in ji shi. "Bakin mutane ya ji tsoro, ya sa wa tsoron suna mutunci. Ka gaya masu haka."

Ya ɗauki almakashi. Bai auna ba; ya san tsawon.