Arba'in a Yini Guda

Labarin rasuwar mahaifina ya iske ni a Talata Mafara bayan azahar, ina cikin duba takardun jarrabawa. Da a da ne, da na isa ƙauyenmu, can bayan Maradun, kafin a gama haƙa kabari. Amma tun da 'yan bindiga suka zauna a dajin, hanyarmu ta koyi halin ma'aikaci: ta buɗe da hantsi, ta tashi kafin la'asar, ranar da ta ga dama kuma ba ta zuwa aiki sam. Direbobin tasha sun daina duban agogo. Motar farko suke jira ta fito daga can. In ta iso lafiya, gari ya waye. In ba ta iso ba, to dare ne, ko da rana na tsaka.

Ranar ba ta iso ba, washegari ma haka. Aka rufe shi ba ni. Ban yi ƙorafi ba, gawa ba ta jiran kowa. Abin da na riƙe shi ne sadakar uku. Ni ne babban ɗa. So nake in zauna kan tabarma a ƙofar gidanmu, mutanen Damaga da na Bakura su zo su ce mini ya haƙuri, in amsa, in ji a jikina lalle na zama maraya.

Rana ta uku hanya ta buɗe. Na tarar da ƙofar gida a share tas, tabarmi a naɗe an jingine su a zaure. Baffa, ƙanen mahaifina, yana zaune yana sa wa fartanya ƙota. Muka gaisa, gajiya, iyali, damina, haƙuri, sannan na ce, "Baffa, ina jama'a? Yau ba uku ba ce?"

"Ai mun yi ta, Malam. Tun ranar da anka rufe shi."

"A ranar?"

"Da uku, da bakwai, da arba'in. Liman ya haɗe su, yay yi addu'a guda mai tsawo, anka raba gumba, kowa yak kama hanya da sauran rana."

"Har arba'in ɗin?"

Ya ajiye fartanyar. "To mi kaka so? Mutum ya taso daga Bakura da ransa a hannu, in ce mai shi sake dawowa sau uku don wanda ya riga ya huta? Kuma taro yanzu gayya ce. In mutanen daji sunka ji an taru, su ma gaisuwa za su zo."

Na san an yarje wa matafiyi ya haɗa azahar da la'asar, har ya yi ƙasaru. Ban san an fara yi wa makoki ƙasaru ba. Malamai sun shekara suna wa'azi cewa sadakar arba'in ba ta da asali, muka yi kunnen uwar shegu da su. Bindiga ba ta kawo aya ko hadisi ba, kowa ya bi.

Duk da haka na warware tabarma ɗaya na zauna. Mutane suna ta dawowa daga gona, don noma ma ya koma na safe. Wata tsohuwa, maƙwabciyarmu, wadda ta goya ni ina ƙarami, ta tsaya.

"A'a, ɗan boko, kai ne? Ya Mafara? Ya 'yan makaranta? Ashe ba ka samu arba'in ba."

Ta wuce da ƙwaryarta. A lissafin gari mamacin ya tsufa, ni kuwa baƙo ne da ya zo ganin gida. Ba wanda ya zauna.

Na ce wa Baffa to a kai ni in ga kabarin. Ya ɗaga kai ya dubi rana, ya dubi inuwar katanga.

"Maƙabarta ta safe ce, Malam, tana bakin daji. Kuma mai motar da ta kawo ka ba ya kai azahar. Yi mai addu'a nan inda kake, tana isa. Tashi in naɗe."