Tawadar Baba

Mahaifina mutum ne mai rowar magana. Ya tsufa yana aikin jima a kamfanin fata na Challawa, amma in ka tara duk abin da ya taɓa faɗa mana game da kansa, ba zai cika cokali ba. Mun dai san da ƙafa ya shigo ƙasar nan yana saurayi, daga wani ƙauye can bayan Damagaram, ya zo cin rani bai koma ba. Sunan ƙauyen, sunan kakanmu, abin da ya hana shi komawa, duk babu wanda ya sani, har Inna da ta haife mu. In ka tambaye shi sai ya ce, "Lokaci bai yi ba," ya ɗauki buta.

Abin nan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. A lokacin ina aiki a wani sito a Bompai, ina duba kayan da ake lodawa manyan motoci. Sallah na zuwa, kowa ya ɗaure kaya ya nufi garinsu. Abokan aikinmu mutanen Filato, Kirsimeti na yi sun tafi, su dawo mana da tsarabar dankali da acca. Ni kuwa gidanmu na haya a Na'ibawa, nan asalina ya fara, nan ya ƙare. In aka ce, "Ku mutanen ina ne?" sai in yi ta kame-kame kamar wanda aka kama da kayan sata.

A farkon shekarun alif ɗari tara da tamanin tari ya kama Baba. A wajen ramukan da ake jiƙa fata don a cire gashi yake aiki, kuma warin wurin ko daga bakin titi ya ishi mutum, balle wanda yake shaƙarsa kullum. Hannuwansa sun yi fari fat, sun tsattsage. Wata Lahadi bayan la'asar na dawo na tarar da shi a kan buzu, ya fere alƙalamin kara, ya dama tawada da ƙaro, yana rubutun ajami a farar takarda.

"Baba, me ake rubutawa?"

"Abin da kake damuna da shi. Da waɗansu abubuwan da nake so ku riƙe."

Ranar har rawa na kusa yi. Washegari na sayo masa littafi mai layi da biro. Ya juya biron a hannu, ya miƙo mini abina.

"Wannan na sa hannu a ƙofar kamfani ne. Maganar mutum da 'ya'yansa ba a yin ta da shi."

"To ku faɗa mini, in rubuta da boko. Akwai keken rubutu a ofishinmu, sai in buga, kowa ya samu nasa."

"Kai dai da gaggawa aka haife ka."

Haka muka yi ta yi. Duk Lahadi yana rubutu, ni ina zagaye shi kamar kaza ta ga ana shanya gero. Yana gamawa ya busar da takardar, ya sa a akwatin ƙarfe, ya ɗaure makullin a mazagin wandonsa. Sau ɗaya tak ya karanta mini wani wuri. Labarin mahaifiyarsa ne, wadda ba ta taɓa sauke tukunya ba sai ta leƙa ƙofar gida ko akwai baƙo a gindin gawo. Daga nan ya rubuta mana cewa kada mu kuskura mu ci abinci wani yana kallo. Ya zo daidai inda zai ambaci garin, sai tari ya sarƙe shi. Da ya lafa na ce, "A wane gari ne, Baba?" Ya ce, "Yana gaba," ya naɗe takardar. Wallahi ranar da ba ubana ba ne, da na fizge ta.

Da damina ya faɗi a wurin aiki. Abokan aikinsa suka kawo shi gida a motar kamfani, da takalmin robarsa a ƙafa. Bai daɗe ba Allah ya karɓi abinsa.

Duk zaman makokin nan, ina karɓar gaisuwa, rabin hankalina yana kan akwatin. Amma wane ɗa ne zai tashi gawar ubansa ba ta huce ba ya ce a ba shi makulli? Na danne, na ce bari a yi sadakar bakwai. Ranar sadakar, bayan mutane sun watse, Inna ta tara mu a ɗakinta, ni da ƙannena, ta dama mana kunu. Kunun ya yi duhu-duhu, yana da ɗan bauri, na ɗauka gero ne ya sha hayaƙi. Ta tsaya a kanmu sai da kowa ya shanye. Ni da yake ɗan fari ne, ba ta faɗin sunana, ba ta ma cika duban idona ba, amma ranar da hannunta ta ƙara mini ludayi biyu.

Da safe na same ta tana shara.

"Inna, takardun nan na Baba, ina son in gani."

Ba ta ɗago ba ta ce, "Ai kun sha."

Na ɗauka ban ji daidai ba. Ta jingine tsintsiya ta yi mini bayani a natse, irin na wanda ya sauke nauyi. Baba ya ce mata takardun na yara ne. Ta buɗe akwatin ta ga kowace takarda da bisimilla a kanta, da tawadarsa, da hannunsa. Ita tun da ta zo duniya, rubutun tawada irin wannan abu ɗaya ta san ana yi da shi, a wanke a ba mutum ya sha don neman albarka. Ta jiƙa su duka a ƙwarya, ta tace, ta zuba a kunu. Ragowar takardun kuma ta haƙa rami a bayan ɗaki ta binne, don kada a taka sunan Allah.

Na je na tone ramin da hannuna. Abin da na samu dusa ce jiƙaƙƙiya, ko ɗigo ɗaya na rubutun bai rage ba. Na zauna a wurin ina huci, na rasa wanda zan yi wa faɗa. Baba ya tafi da taurin kansa, da ya karɓi biron nan da ruwa bai ci rubutun ba. Inna kuwa, me zan ce mata? Matar da ta hana kanta ko kurɓi ɗaya don ya ishi 'ya'yanta. Ta leƙo ta gan ni da ƙasa a hannu, ta ce, "Ko ban yi daidai ba ne?" Na haɗiye abin da ya taso mini, na ce, "Kin yi daidai, Inna." Har ta koma ga Mahaliccinta ban canja mata wannan amsar ba.

Na bi tsofaffin abokan aikinsa a Challawa ɗaya bayan ɗaya. Kowa ya ce mutumin kirki ne, ba ya cin abincinsa shi kaɗai, amma garinsu, sai dai Allah. Bayan Damagaram kuwa ba ƙauye ɗaya ba ne, kuma kowane ƙauye da gawonsa.

Yanzu ni ma na tsufa, shi ya sa nake rubuta wannan da biro, ban kuma kulle shi a akwati ba. Duk wanda ya tambaye ni abu, a take nake ba shi amsa, har 'ya'yana suna cewa na cika surutu. Kwanan baya jikata ta dawo daga makaranta, an ce kowa ya zo da sunan garin kakanninsa. Ta tsaya a gabana da fensir tana jira. Na buɗe baki, ba abin da ya zo mini sai baurin kunun nan.