Cliff Ackroyd, Mai Juya wa Dandamali Baya

Duk ranar da za a yi wasa a babban zauren garinmu Doncaster, tun da la'asar Cliff Ackroyd zai iso da gorar shayinsa a hammata. Sai ya bi shingen ƙarfen da ya raba 'yan kallo da dandamali yana girgiza shi gaɓa-gaɓa, ya jera kofunan ruwa, ya toshe kunnuwa. Da an buɗe ƙofa jama'a sun kwararo, sai ya juya wa dandamali baya, ya fuskance mu, har a tashi. Aikin ke nan. Mai tsaron shinge ba ya waiwaye, don kafin ya juyo wani ya riga ya kwanta ƙarƙashin ƙafafun mutane.

Abin da ke sosa mini rai shi ne, son Samarin ne ya kawo shi aikin nan. Haka muke kiran makaɗan rok ɗin da muka taso da su, ko da yake furfura ta gama da su. Cliff yana saurayi, ba kuɗin tikiti, ya ce bari ya kama aiki a zauren ya riƙa kallonsu kyauta. Ashe baya zai juya musu fiye da shekara arba'in.

Mu kuwa sai musu a gidan giya. Trevor Sugden ya rantse Samarin ba su taɓa yin wasa kamar na shekarar da tsirkiyar jita ta tsinke, mai jitar ya ƙarasa da sauran ba. Glenys Holroyd ta ce, "Rufe mana baki, Trevor, a buge kake ranar, me ka gani?" In aka ce Cliff ya raba gardama, sai ya yi murmushi ya ce, "Ni fa ban gani ba. Amma na ga bakinka a wangale, Trevor."

Glenys ba ta yarda a yi wasa da sunansa. Tana budurwa turereniya ta matse ta a jikin ƙarfe, numfashi ya ɗauke, ko ihu ta kasa. Kowa idonsa na kan mawaƙi. Cliff ne kaɗai ya ga hannunta ya saki, ya cicciɓo ta ta saman shinge. Ta ce, "Jikokina biyar. Duk daga hannun mutumin nan suka fito."

Kai ne idon da ke kanmu lokacin da muka manta da kanmu, Cliff. Kai ne mai miƙa ruwa ga wanda ya zage ka ɗazu.

Bana Samarin suka ce wannan zagayen wasan nasu ne na ƙarshe, jikin mawaƙin ya ƙi. Gwiwoyin Cliff ma sun ƙi, ya ce daga wannan ya ajiye aiki. Muka roƙe shi ya karɓi kujera ya zauna ya kalla. Ya ce, "Yaran da aka ɗauka sababbi ne, ba su san yadda taro ke karkata ba. Wa zai duba ku?" Wallahi na ji haushinsa. Idan ranar ta wuce, shi ke nan, ba zai taɓa ganinsu ba.

Ranar, tsofaffin 'yan layin gaba suka yi sammako suka bi layi cikin ruwan sama don su sami jikin shinge, kamar kullum. Aka yi ta wasa, Cliff yana tsaye, bayansa ga dandamali. Da mawaƙin ya ce saura waƙa ɗaya, sai Glenys ta juya ta ba dandamali baya. Trevor ya juya. Duk layin gaba suka juya, suka sarƙe hannuwa, suka zuba wa taron ido. Glenys ta ɗago murya ta kafaɗa, "Juya, tsoho mai taurin kai! Mun karɓe ka!"

Ya ɗan jima yana duban layin daga wannan ƙarshe zuwa wancan, sai da ya gamsu ba kafa. Sannan ya zare abin kunnensa, ya juya. Mutanen da suka kashe ƙuruciyarsu a bin Samarin ba su ga waƙar ƙarshe ba, kuma ban ji wanda ya yi da-na-sani ba. Ni ina gefe, na ga Cliff ya zuba wa dandamali ido har aka gama.

Da aka tashi Trevor ya ce, "To, yaya aka yi? Ba mu labari." Cliff ya share ido ya ce, "Ashe sun tsufa haka?"

Mun gode, Cliff. Allah Ya ba gwiwoyin nan hutu. Ku kuma matasan da kuka gaji wurinsa, ku riƙe aikin yadda ya riƙe. Mu 'yan kallo, kada mu ƙara bari mai tsaronmu ya jira shekara arba'in kafin wani ya ce masa, "Juya."