Motar Mutanen Kumasi

Duk direban da motarsa ta taɓa mutuwa tsakanin Rogo da Ƙaraye ya san Mijinyawa bakanike. Shekara talatin ya yi a gindin darbejiyar bakin tasha, daga shi sai akwatin sifanu da tabarmar shiga ƙarƙashin mota. Halinsa biyu kowa ya sani. Ba ya sauraron mai mota, inji yake saurara. Ga kuma kunya kamar ta sabuwar amarya, in mace ta gaishe shi taya yake kallo ya amsa.

Wata Laraba da safe, bayan an cire gyaɗa, wata tsohuwar bas mai lambar Gana ta shigo tana tari, tagoginta duk labule. Mace ce ke tuƙi, Sadiƙa, Bahaushiyar zangon Kumasi. Ta mayar da motar ɗaki, har da gado, don ta kawo mahaifinta Alhaji Abdullahi ya ga Kurugu, mahaifar ubansa, kafin rai ya yi halinsa. Tun daga Togo take neman wanda ya san irin wannan tsohon inji, kowa ya leƙa sai ya girgiza kai.

Mijinyawa bai girgiza kai ba. Minti biyu ya kasa kunne ya gane famfon mai ne ya gaji. Sadiƙa tana ta yi masa bayanin wani batir, shi kuwa kansa a sunkuye, "to, to" kawai yake cewa. Da ta tafi neman ruwan zafi, sai ya yi abin da ya saba: ya kashe mota, ya kwance famfon, ya naɗe a tsumma, ya hau bas zuwa kasuwar kayan mota ta Ƙofar Ruwa a Kano da samfur a hannu. Labulen nan bai ɗaga ba. A wurinsa ɗakin mutane ne, kuma namiji ba ya leƙa ɗakin da mace ke kwana.

Yana shago na tara, kowa na juya famfon yana cewa an daina irinsa tun zamanin soja, sai waya ta shigo. Sadiƙa ce. Bayan labulen mahaifinta ne kwance, ga na'urar da ke ba shi iska, wani batir na daban take ci, batirin kuma ba ya cika sai inji na aiki. An kawo janareta an rasa inda za a jona, wayoyin duk a binne suke a jikin motar, babu mai ƙarfin halin yanka su.

"Baba, fitilar ta koma ja," in ji ta. "Don Allah ka dawo."

Tsoro irin na ranar bai taɓa kama shi ba. Motar da ya samu tana tari, amma da ranta, shi ya kashe ta da hannunsa. A bas ɗin dawowa ya roƙi direba kada ya tsaya ɗaukar fasinja, har mutane suka fara zaginsa. Bai ma ji su ba, bakinsa sai salati.

Ana kiran la'asar ya iso. Famfon ba zai koma ba, don a Kano an buɗe shi an yaga robar ciki. Ya fizgi jarkar wani mai sayar da fetur, ya zura tiyo daga bakinta zuwa kafireto, inda mai ke shiga inji, ya hau rufin mota ya rungume ta, don man ya riƙa gangarowa da kansa. Sadiƙa ta murɗa makulli. A karo na huɗu inji ya tashi. Ta ce na'urar ta ɗan jima da tsayawa, amma tsohon yana numfashi.

"Ja mu je, 'yata," ya ce daga sama. "Ko me za a yi, kada ki kashe."

Haka suka kama hanyar Kurugu, dattijo mai furfura a kan rufi, fetur na zuba masa a ƙirji duk ramin da aka faɗa. Hannuwansa suka mutu, bai saki ba. Sau ɗaya motar ta tsaya a wata 'yar gada, injin na aiki, can ta ci gaba a hankali.

A ƙofar masallacin Kurugu ta taka birki, sai ya ji injin ya yi shiru. Ya buga rufin da ƙafa, yana ihu ta tayar, ta tayar. Sadiƙa ta fito ta ɗaga kai ta dube shi, idonta a bushe.

"Sauko, Baba. Tun a gadar nan Alhaji ya cika. Na ga kana riƙe da jarkar, na kasa gaya maka."