Marka da Kifin Tabkin Garou

Marka, matar Na-Allah manomin shinkafa a Garou, mace ce da ba ta iya ganin abu ta wuce. Ko tsintar shinkafa take yi, sai ta tsaya juya tsakuwa a tafin hannu.

Shekarar da soja suka sauya wa ƙasa suna daga Dahome zuwa Benin, kurkunu ya kwantar da mijinta damina ta uku a jere. 'Yan'uwansa suka ce in ya sake kwanciya baɗi, za su ba wani gonar gado. Ta ɗora shi a amalanken jaki zuwa likita a Malanville. Can aka ce mata kurkunu ba shi da allura, wasu ƙananan ƙwari ne na ruwan tabki ke kawo shi.

Da ta koma gida ta ɗebo ruwa a ƙwarya, ta karkata ta ga rana. Ga su nan kuwa, farare kamar garin gero, suna ta tsalle. Ta jera ƙore. Wannan ta sa ganyen dogon yaro, waccan bagaruwa, ɗaya kuma aduwar da take wanki da ita. Kafin la'asar ƙwarin da ke ruwan aduwa sun kwanta shiru.

Murna ta hana ta shawara. Ta daka aduwa buhu guda, ta juye a tabkin gari. Tabkin kuwa a rufe yake, ba mai taɓa kifinsa sai ranar su, wato kamun kifin gayya na shekara, in Audi Sarkin Ruwa ya buɗe. Da safe kifi suka taso, ciki sama, kamar an shanya fararen zannuwa.

"Na-Allah, matarka ta yi su ita ɗai, ba taru ba gora!" in ji wata tsohuwa.

Audi ya ce, "Ɗiyata, mi kifi sunka yi miki?"

"Baba, ba su nika nufi ba. Duba nan."

Ta miƙa masa ƙwarya mai ƙwarin, ya daɗe yana leƙen ta. "Waɗanga muka sha kullum?"

"Su ne."

"To, tabki nawa ne, randa taki ce. Kowa ya tsaya ga nashi."

Shekarar ba a yi su ba, mata suka daɗe ba sa amsa gaisuwarta. Ita dai ta koma tace ruwa da ƙyalle, tana jefa aduwa a randa, yau ta ƙara, gobe ta rage. Da damina ta zagayo, Na-Allah ya fita gona da ƙafafunsa, yana mitar ruwan gidansa ɗaci gare shi.