Wuƙar da Na Saya wa Kawu

Kawuna, ƙanen mahaifiyata, shekara talatin da huɗu ya yi yana ɗaura wa itatuwa aure. Kada ku yi dariya, aikinsa ke nan, kuma da shi ya ciyar da ni tun ina 'yar shekara shida, lokacin da mahaifiyata ta rasu ya ɗauko ni. A wani gandun renon itatuwa yake aiki, can bayan gari. Za a shuka ƙwallon mangwaro na banza a leda, in ya tsiro ya kai kaurin fensir sai Kawu ya sare kansa, ya yanko reshen mangwaro mai daɗi, ya fere su biyun, ya haɗa su fuska da fuska, ya naɗe da siririyar leda. In sun kama juna, bayan mako uku sai ka ga toho. Abokan aikinsa Liman suke ce masa, wai ba wanda ya kai shi yawan ɗaurin aure, kuma nasa ba a cika saki ba.

Gajere ne, mai faɗin kafaɗa, magana kuwa sai ka roƙa. Ni kuma Allah ya yi ni da baki, shi ya sa tun ina ƙarama Aku yake kirana. Har yau da nake da 'ya'ya uku, ina koyarwa a makaranta, in ya ce "Aku" sai na amsa.

Duk dukiyar Kawu wuƙa ce guda ɗaya, irin mai naɗewa ɗin nan da ake sakawa a aljihu. Ƙotarta ta ƙaho ce, ta sha hannu har ta yi santsi, ruwanta kuma ya yi baƙi ƙirin saboda ruwan itace. Ba ya yanka komai da ita sai reshe. Zare ma da haƙori yake tsinkewa. Na tuna wata rana ina yarinya na ɗauke ta zan ɓare lemo. Bai dake ni ba, zaunar da ni ya yi ya juya mini ita.

"Duba nan, Aku. Gefe ɗaya kaɗai ake wasawa. Ɗaya gefen shimfiɗe yake kamar madubi. Shi ne yake kwanciya a jikin reshe, yanka ya fita sumul. In yanka ya yi kwari ko tudu, iska ta shiga tsakani, aure ya mutu."

Kun ji dai da kunnenku, an gaya mini. Ba zan ce ban sani ba.

Bara yanar ido ta rufe masa gani, aka kwantar da shi asibiti za a yi masa aiki. Ni kuma rawar kai ta kama ni, na ce kafin a sallamo shi sai na mayar da ɗakinsa sabo. Na wanke labule, na shanya katifa, na kwashe tsofaffin kalandu. Ina cikin haka sai ga mai washin wuƙa yana wucewa da injinsa a bayan keke. Na tattaro wuƙaƙen kicin da almakashi, na jawo aljihun teburin Kawu, na ga wuƙarsa kwance, baƙa wuluk. Tausayinta ya kama ni. Na ce mutum zai dawo da sabon ido, ai bai kamata abin da zai fara gani ya zama wannan baƙin ba.

"Malam, wannan ka ba ta haƙƙinta, so nake ta yi ƙyalli."

"An gama, Hajiya. Yanzu zan mayar miki da ita amarya."

Ya taka injin, tartsatsi ya dinga tashi, ni kuma ina gefe muna hirar tsadar gawayi da maƙwabciya. Da ya miƙo mini ita sai na juya ta na duba. Ta yi fari tas, amma ya cinye ta gefe biyu, bakin kuma ya yi shuɗi-shuɗi kamar wuyan tattabara saboda zafi. A nan take maganar Kawu ta faɗo mini, har da ƙamshin lemon da ban ɓare ba.

Me ya kamata in yi? Kowa ya sani. Me na yi? Na ƙulle ta a hankici, na cusa a ƙasan jakata, na nufi shagon da ake sayar da kayan ƙarfe.

Mai shagon ya fito mini da wata daga cikin kwali, har da takarda a ciki. Baƙar ƙota mai kaushi, ruwa mai kauri yana ɗaukar ido, in ka buɗe ta sai ta ce ƙas ta kulle kanta. Ya ce irin ƙarfenta ba ya tsatsa ko a ruwa ta kwana, kuma in aka wasa ta sau ɗaya sai a shekara ba a sake ba. Na ce yauwa, ita nake nema. A raina har na fara yabon kaina.

Kwana shida da dawowarsa, an cire masa bandeji, sai ya jawo aljihun tebur. Ya laluba, ya sake lalubawa.

"Aku, kin ga wuƙata?"

"Kawu, ba da ita ka tafi asibiti ba? A aljihun rigarka na gan ta."

Ya kalli bango. "Ni na ɗauka a nan na bar ta." Can sai ya girgiza kai. "Tsufa ke nan."

Wallahi da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Na yi sauri na ɗauko kwalin na ajiye masa a cinya, na ce dama tsarabar warkewa ce na tanada.

Washegari da hantsi ya fito tsakar gida da ita, ya zauna a kan kujerarsa ta katako, ni ina wanke-wanke ina satar kallonsa. Ya auna nauyinta a tafin hannu. Ya buɗe, ta ce ƙas, ya zabura, sannan ya yi 'yar dariya. "Wannan ai da faɗa take gaisuwa." Ya nemi yadda zai rufe ta ya rasa, sai da na nuna masa ɗan ƙarfen da ake dannawa. Ya hura mata numfashi yana kallon yadda raɓar ke gushewa. Ya ɗora bakin a kan farcen babban yatsa ya ja a hankali, ya aske gashi biyu-uku a damtsensa. Ya ce a ba shi lemon tsami, ya tsaga, ya ajiye wuƙar a jiƙe har na gama ɗauraya. Da ya goge ta, ko ɗigon baƙi babu.

"Ikon Allah. Tawa da tuni ta ɓata rai. Wannan ƙarfen ba ya jin kunyar kowa."

"Ta yi, Kawu?"

Ya juya ta, ya dubi wannan gefe, ya dubi wancan, ya daɗe. "Tana da kyau. Ta yi ƙiba kaɗan, kuma baki biyu gare ta, amma dutse zai koya mata hankali. Allah ya yi miki albarka."

Na ce amin da muryar da ba tawa ba.

Kwana huɗu yana gurza ta a dutsensa, yana ɗiga ruwa yana gurzawa. Dutsen ne ya yi kwari, ita kuwa kamar ana yi mata susa. Daga ƙarshe ya ce ta yi daidai gwargwado, ya saka ta a aljihu ya koma aiki. Na ji labari har nuna ta yake yi wa abokan aiki, yana cewa 'yarsa ce ta saya masa.

Ku tuna, mutumin nan tun da ya fara sana'a wuƙa ɗaya ya sani. Bai taɓa samun dalilin raba abin da hannunsa ke yi da abin da wuƙar ke yi ba. A da, in ya ɗaura ɗari, casa'in da wani abu za su kama. A wannan karon ya ɗaura ɗari biyu, waɗanda suka yi toho ba su kai saba'in ba. Ni ban sani ba, don bai faɗa ba. Na dai ga ya rage cin abinci, ya daina kunna rediyo.

Wata Asabar na ce bari in kai masa abincin rana. Na shiga rumfar da bencinsa yake, sai na tarar da wani mutum daban a zaune, da gilashi da littafi. Ya nuna mini bayan tankin ruwa. Can na hango Kawu a tsugune gaban tulin ƙasa da taki, yana ɗura wa baƙaƙen ledoji ƙasa da gwangwani, aikin da ake ba wanda ya zo jiya.

"Kawu, me kake yi a nan?"

"Aiki." Ya karkaɗe hannu. "Manaja ya ce in huta wa idona. Bai yi laifi ba, dashen mutane ne." Ya karɓi kwanon ya ajiye bai buɗe ba. "Likita ya yi ƙoƙari, Aku, ina ganin komai tar. Amma akwai abin da ya tafi. Ina yanka, ina ganin daidai ne, in na haɗa sai in ga haske yana ratsawa tsakani. Ko idon ne yake mini ƙarya, ko hannun. Ƙarshen wata zan ce musu na gode. Gara in tafi da ƙafata."

Jakar tana rataye a kafaɗata. Mako bakwai ina yawo da hankicin nan, makaranta da kasuwa, na kasa jefarwa na kasa fitarwa. Na durƙusa a kan takin nan da zanena mai kyau, na kwance ƙullin, na miƙa masa da hannu biyu. Ni da ba a raba ni da magana, sai da na yi ta in-ina kafin labarin ya fito, mai washi da mai shago da ƙaryar asibiti, duka.

Ya buɗe ta. Ya bi shuɗin nan da yatsa. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Wuƙar ba komai, ƙarfe ne," ya ce. "Amma kin bar ni ina zargin idona. Har na koma wurin likita na ce masa aikinsa bai yi ba, bawan Allah yana ta ba ni haƙuri." Ya naɗe ta. "Tashi ki tafi gida. Ki tafi da kwanonki."

Kwana tara bai ce mini uffan ba. In na gaishe shi sai ya ɗaga hannu. Amma kullum da ya dawo sai in ji ƙarar dutse daga tsakar gida. Wurin da ya ƙone ya riga ya yi laushi, sai da ya cinye shi gaba ɗaya ya kai ga lafiyayyen ƙarfe, sannan ya sake shimfiɗe bayanta. Da ya gama, ruwan wuƙar bai fi ɗan yatsana tsawo ba.

Ya je ya sami manaja ya roƙi dashe ashirin kacal, ya ce in rabi ba su kama ba shi da kansa zai ajiye aiki. Bai ambaci sunana ba, cewa ya yi an samu matsalar kayan aiki. Ni ce na bi bayansa ran Litinin na faɗa wa manajan komai, yana ta kallona kamar wadda ta zo da tatsuniya.

Sha bakwai suka kama.

Sai dai benci an riga an ba mai gilashi, kuma ba a korar mutum ba laifi. Aka ce Kawu ya riƙa zama a bencin kwana biyu a mako, sauran ranakun yana bayan tanki da gwangwaninsa. Haka yake har yanzu. Ya koma kirana Aku, yana cin abincina, yana wasa da jikokinsa. Ranar Talata da Alhamis yakan fita da wuri, da guga a rigarsa. Sauran ranakun kuwa sai ya tsaya shan shayi a hankali, ni kuma in rasa inda zan sa idona.